Mi za ki sa in an gayyace ki bikin bat mitzba

Ƙanwata da ke zamne a Faransa ta turo mini murya a WhatsApp, wai abokiyar aikinta Bayahudiya ta gayyace ta bat mitzbar ɗiyarta, wato bikin balagar yarinya a addininsu, "Yaya don Allah ki ɗinka mini wani abu, ban san mi ake sawa ba." Ni da keken ɗinkina nan Maradi ina na taɓa jin wannan, sai da na sa ta koma ta tambayi uwar yarinyar dalla-dalla kafin na taɓa almakashi.

Abu na fari, bikin kashi biyu ne. Yarinya in ta kai shekara 12, wasu 13, nauyin addini ya hau kanta, to akwai zama a wurin ibadarsu, sau da yawa safiyar Asabar, sannan akwai shagali da ci da rawa. Ki tambaya ko iyalin Otodoks ne, masu tsananin riƙo. In su ne, hannun riga ya rufe gwiwar hannu, wuya kar a zurfafa shi, tsawo ya sauka ƙasan gwiwa, kuma ban da wando. Da na ji haka dariya na yi, ai doguwar rigar atamfar da muke zuwa suna da ita ce aka siffanta. Kallabi ma babu matsala, matan aurensu suna rufe gashi, amma ki yi ɗauri ƙarami, ture-ka-ga-tsiya zai tare wa ta bayanki gani.

Inda muka yi gardama shi ne shadda. Ita gezna take so, ni na ce a'a. Shadda sabuwar bugu in kika motsa kowa ya ji ƙaras ƙaras, ga zaman yana iya kai awa biyu ko fi ana karatun Attaura, kuma ranar ta yarinya ce, ba taki ba. Jaka ƙarama ta isa, tunda waya kashe ta za ki yi, ba a hoto ran Asabar. Maigida kuwa hularshi ta wadatar, in ya manta akwai 'yar hular kipa a bakin ƙofa.

Na shagali ki saki jiki, leshi da dutse duk ya shiga, sai dai ki tuna akwai rawar hora, ana riƙe hannu ana zagaye da sauri har a ɗaga yarinyar bisa kujera. Zanen ɗauri kwancewa zai yi, a yi miki siket mai zif, takalmi kuma maras tsini.

In yarinyar ce za a ɗinka wa, kar a haɗa ulu da lilin a riga guda, shari'arsu ta hana. Ta ƙanwata dai atamfa ce shuɗiya, na bar mata inci biyu a gefe don na san awon da ta turo na bara ne.