Kurakuran da ɗalibai ke ta maimaitawa kan kwamfilimen

Shekara da shekaru ina karɓar ɗaliban da ke zuwa koyon aiki a ɗakin gwaje-gwaje, kuma na gaji da jin kuskure iri ɗaya daga bakuna daban-daban. Kwamfilimen tarin furotin ne na garkuwar jiki sama da 30 da ke yawo cikin ruwan jini. Akasarinsu hanta ce ke ƙera su, suna kwance shiru har ƙwayar cuta ta shigo, sai wannan ya datse wancan, wancan ya tayar da na gaba.

Bari in fara da wanda ya taɓa ƙona ni. Furotin ɗin nan ba sa jure zafi. Tun 1895 masanin kimiyya Jules Bordet ya nuna a Faris cewa in aka ɗumama ruwan jini, antibodi, furotin da jiki ke ƙerawa don gane ƙwayar cuta, na nan daram, amma ƙarfin fasa bakteriya ya tafi. Digiri 56 na minti 30 ya isa ya kashe shi. Na san wannan a takarda, amma farkon fara aikina na bar kwalbar jinin wani yaro a kan tebur cikin zafin Afrilu, babu wuta, tun hantsi har la'asar. Gwajin CH50, wanda ke auna ko sarƙar duka tana aiki, ya fito ƙasa warwas. Likita ya fara zargin an haifi yaron da raunin garkuwar jiki. Uwarsa ta kwana tana kuka, uban ya ciyo bashi ya biya gwaji na biyu, aka ga yaro lafiyarsa ƙalau. Har yau abin yana ci mini rai. Tun daga ranar, jini na daskarewa nake juya shi a inji, in tsame ruwan, in kai firiza kafin awa ta cika. In firiza ba ta da sanyi, ba na ɗibar jinin ranar sam, ko wa zai yi fushi.

Na biyu shi ne hadda ba fahimta. In aka tambayi jerin da furotin ɗin ke tashi, sai ɗalibi ya miƙe ya jero sunayensu bi da bi, ya ce C1, C2, C3, C4. Haba! A hanyar da antibodi ke buɗewa, C1 ne, sai C4, sai C2, sannan C3. Kuma wa ya ce muku sai da antibodi? Hanyoyi uku ne. Ta biyu, furotin lektin ke gane sukarin manos a jikin ƙwayar cuta. Ta uku kullum tana ɗan motsi da kanta, C3 na fashewa kaɗan-kaɗan, Fakta B da Fakta D na rura wutar. Duk ukun a C3 suke haɗuwa. Ni dai ina sa ɗalibi ya rubuta C3 a tsakiyar allo tukuna, sannan ya ja hanyoyin zuwa gare shi. Wanda ya fara daga C1 yakan ɓace a hanya.

Wasu kuma sun ɗauka huda bakteriya, aikin C5b (gutsuren C5) zuwa C9, shi ne babban aiki. Babban aikin na C3b ne, gutsuren C3 bayan an datse shi: yana manne wa ƙwayar cuta don fararen ƙwayoyin jini su gane ta su haɗiye. Hudar nan tana da muhimmanci ne musamman kan Neisseria, mai kawo sanƙarau. Mu da muke zaune inda sanƙarau ke dawowa da bazara, mutumin da ya kamu sau biyu ya kamata a duba masa C5 zuwa C9. Dalilin ke nan da ake yi wa mai karɓar maganin eculizumab, wanda ke toshe C5, allurar rigakafin sanƙarau tukuna.

C5a, ɗayan gutsuren C5, ba ya kisa, kiran fararen ƙwayoyin jini yake yi. C3 in ya yi ƙasa, galibi cinye shi aka yi, kamar a ciwon ƙoda da ke bin ciwon maƙogwaro ga yara, kuma yakan farfaɗo cikin mako 6 zuwa 8. Kada ku manta da masu taka birki, Fakta H da CD59, don ba don su ba, da jajayen ƙwayoyin jininmu ma sun fashe.