Layi uku bayan Isha'i: yadda ake riƙe littafin gida

Nemi littafi mai bango mai kauri, irin wanda 'yan kasuwar Garwa, nan arewacin Kamaru, ke rubuta bashi a ciki, ka ɗaura masa biro da zare don kada yara su yi gaba da shi. Ka ajiye shi kusa da shimfiɗarka, ka ba shi lokaci guda. Ni bayan Isha'i nake yi, kafin barci ya ci ƙarfina. Layi uku sun isa. Wanda ya ɗauri niyyar cika shafi kullum, kafin sati ya zagayo ya gaji.

Fara da kwanan wata, na Musulunci da na boko duka. Tsofaffinmu da watan Azumi da Sallar Layya suke lissafi, takardar haihuwa da ta makaranta kuwa Janairu da Fabrairu suka sani. In ka haɗa biyun, ka sauƙaƙa wa mai neman shekarunsa nan gaba.

Sai abin da ya faru, da sunansa da adadinsa. "Yau kaya sun yi tsada" ba ta gaya wa kowa komai. Rubuta nawa aka sayi buhun masara, yaushe ruwan fari ya sauka, wa aka raɗa wa suna, wa ya yi masa huɗuba, wace rana aka auna auduga, wace rana kuɗinta suka fito. Kuɗi kuma ka sa su da sefa ƙarara. Mu da dala muke ƙirga, dala ashirin sefa ɗari ke nan, amma jikanka zai iya ganin ashirin ya ɗauka ashirin ɗin ce.

A littafin mahaifina, Allah Ya jiƙansa, na ga amfanin wannan. Da ajami yake rubutu, ƙanana ƙanana, wani wurin tawadar ta koma ruwan ƙasa. A Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, bai yi dogon bayani ba. Farashin sukari da na atamfa kawai ya jera, na jiya da na yau, a ƙasa ya sa cewa an ɗage kai lefen yayata. Duk wanda ya karanta wurin nan a gidanmu sai ya yi shiru. Ambaliyar 2012 kuwa, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo, kogin Binuwai ya cika ya batse, babu wanda ya rubuta ta a gidanmu, yau kowa da ranar da yake faɗa.

Faɗan gida da sirrin mutane ka bar su a cikinka, domin littafin zai shiga hannun da ba ka zaɓa ba. Bashi dai ka rubuta, naka da na wanda kake bi, ranar rabon gado za a gode maka. In kwana biyu sun wuce ba ka rubuta ba, ci gaba daga yau, kada ka cike gurbi da ƙirƙira.

Tsofaffin littattafai kuma gara da damshin damina ne abokan gabarsu. A sa su a akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa, a zuba busasshen ganyen darbejiya. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka tura wa 'yan'uwa na Marwa da Kusiri. In ajamin ya fi ƙarfinka, kai wa malamin da ya san hannun marigayin tun yana da sauran gani, ya karanta kana kwafa da boko.