Darasi na 9: Keta, gari tsakanin ruwa biyu

Kafin mu fara karatu, ku dubi sunan da kyau. Keta ne, da k marar lanƙwasa. In kuka lanƙwasa ta, kun rubuta ƙeta, ma'ana ta canja.

Keta tana kudu maso gabashin Gana, a yankin Bolta, ba nisa da iyakar Togo. Garin yana zaune ne a kan siririn tudun yashi. Ta gefe ɗaya teku, ta ɗaya gefen wani makeken tabki mai ruwan gishiri, wanda babu kamarsa girma a cikin tabkunan ruwan gishiri na Gana. Mutanen wurin Anlo ne, reshen ƙabilar Ewe.

Da sassafe maza kan shiga kwale-kwale su zuba taru a teku, sannan a yi layi a bakin gaɓa ana jan igiya ana waƙa. Mata na jira da manyan kwanuka, su kwashi kifin su yi banda. In rani ya yi, gefen tabkin ya ƙafe, sai gishiri ya kwanta fari fat, a yi ta kwasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne nomansu. Yashi ne zalla, amma a wajen Anloga, wani gari kusa da Keta, suna noman ƙananan albasa. Manomi zai ja 'yan fangali, ya zuba takin shanu ko na kaji, ya haƙa gajeriyar rijiya a cikin gonar, ya riƙa ban ruwa da bokiti. Duk wanda ya taɓa aikin fadama ya san irin wannan wahala.

A 1784 Turawan Danmak suka gina ganuwar Prinzenstein a garin, inda aka riƙa tsare bayi kafin a ƙetara da su teku. Turawan Ingila suka saye ta a 1850. Yau teku ta cinye wani sashe nata, ta cinye gidaje da tituna. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne madatsar Akosombo da aka kammala a 1965, wadda ta tare yashin da kogin Bolta ke kawowa gaɓa. Daga baya gwamnati ta jibge manyan duwatsu don kare garin.

Aiki: ku rubuta teku, tabki, taru, gishiri, sau uku-uku. Sannan kowa ya rubuta jimla biyu a kan yadda ruwa ke cin ƙasa a garinsu, da abin da mutane ke yi don tare shi.