Darasi na 7: Adana Kayan Yaro Domin Ƙaninsa

A wannan darasi za mu karanta yadda ake adana tufafin da suka yi wa yaro kaɗan har su amfani ƙaninsa ko ƙanwarsa. Za mu kuma koyi rubuta 'yar takardar shaida da ake liƙawa a jikin ajiya. Kowa ya fito da fensir da littafin rubutunsa.

Mu karanta

Jariri ba ya kashe riga, barin ta yake yi. Wanda aka haifa da nauyin kilo 3 yakan kai kilo 6 a wajen wata 5, ya kai kilo 9 ko fiye idan ya shekara. Tsawonsa ma haka: daga wajen santimita 50 ranar haihuwa zuwa wajen 75 a ƙarshen shekarar farko. Shi ya sa za ki ga rigar da aka sa masa sau biyar ko shida ta matse shi a hammata, wando ya ɗage, hula ta ƙi shiga kai, alhali ko launinsu bai koɗe ba. Irin waɗannan kaya ba tsummoki ba ne. Kuɗi aka sa aka saye su, kuma da sauran rai a jikinsu.

Ajiya maganin wata rana, haka ne. Amma ba kowace ajiya ce take kai labari ba. Ranar da kika ninke kayan kika sa su a akwati, ranar ce kika yanke ko ƙani zai sa su ko ba zai sa ba.

Ni kaina na koyi wannan da asara. Lokacin da babbar 'yata ta wuce wata shida, na tattara ƙananan rigunanta farare, na yi musu wankin gaggawa, na ga sun fita tas, na zuba su a jaka na ɗaure. Bayan shekara biyu, da haihuwa ta matso, na kwance jakar ina murna. Kowace riga na ɗaga sai in ga jirwaye mai ruwan ɗorawa ya zagaye wuyanta ya gangaro ƙirji, daidai inda tumbuɗi yake zuba. Wata 'yar riga mai ƙananan furanni a hannu, wadda na fi so, har ɗigo-ɗigon baƙi ta yi a ƙasan ninki, ga warin gumi da danshi. Na zauna riƙe da ita na daɗe ban ce komai ba.

Abin da ya faru shi ne, nono da tumbuɗi suna da maiƙo da wani sinadari mai kama zare. Wanki ɗaya yakan ɗauke abin da ido yake gani, saura ya maƙale a cikin yadin. Idan kaya suka daɗe a rufe, iska da zafi su yi aiki a kan wannan saura, sai ya koma rawaya. Ɗigon baƙin kuwa fumfuna ce, ita kuma danshi take bi.

Saboda haka wankin ajiya daban yake da wankin kullum. A fara jiƙa kayan a ruwan sanyi da sabulu na tsawon awa ɗaya ko biyu. Ruwan sanyi na ce, domin ruwan zafi dafa tabon nono da na jini yake yi, ya zaunar da shi daram. A cuɗa wuya da hammata da ƙirji da kyau ko da ba a ga datti ba. A ɗauraye har ruwan ya daina kumfa. Kada a sa sitaci, domin wasu ƙwari sitacin ne abincinsu, wurin cin sa kuma su huda yadin. Sai a shanya a rana. Rana tana taimakawa wajen fitar da tabo a farin kaya, amma masu launi a juya bayansu waje don kada su koɗe.

Wurin bushewa ne mutane da yawa suke faɗuwa. Tsakiyar riga yakan bushe da wuri, amma bakin wuya, ƙugun wando, aljihu da kalmasa sukan riƙe ruwa. Ki matsa waɗannan wurare tsakanin yatsunki. In kin ji ɗan sanyi-sanyi, da saura. Gara kaya su ƙara wuni guda a igiya da a rufe su da danshi.

Idan yaron ya yi fama da ƙazuwa ko makero ko kwarkwata a lokacin da yake sa kayan, to bayan an fitar da tabo da ruwan sanyi, a sake wanke su da ruwa mai zafi sosai, a shanya, a goge. Ƙwaron ƙazuwa ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a raye in ba ya jikin mutum, don haka ajiya mai tsawo tana gamawa da shi. Makero ya fi taurin kai, yakan daɗe a jikin yadi, musamman hula.

Ba komai ake ajiyewa ba

A raba kayan kashi uku: masu kyau, masu son gyara, da waɗanda suka gama aiki. Na ukun su zama tsumman goge-goge, kada su cika akwati a banza. Kamfai da safar da suka saki suna cikin wannan kashi. Takalmin da ya ci gefe ɗaya ma haka, domin ya riga ya ɗauki siffar ƙafar mai shi na farko.

Masu son gyara a gyara su yanzu, ba sai ranar buƙata ba. Mai jego ba ta da lokacin neman allura da zare. A ɗinke inda ya farke, a sa faci a gwiwar wando, a gwada zif. Kowane maɓalli a ja shi da yatsa. Wanda yake lilo a ƙara masa zare ko a cire, domin jariri komai baki yake kaiwa, kuma maɓalli yana iya shaƙe shi. Igiyar da ake zura wa wuyan riga ko hular rigar sanyi a zare ta gaba ɗaya. Takan maƙale a ƙofa ko abin wasa ta shaƙe yaro, har ta kai a Amurka tun 2011 hukuma ta sa irin waɗannan riguna na ƙananan yara cikin kaya masu haɗari. Robar ƙugu kuwa mutuwa take yi da zafi da daɗewa, ko ba a sa wandon ba. Wannan kam a bar ta sai ranar da aka fito da kayan, a ja a gani, in ta saki a zura sabuwa.

Maganar kafur

Ina roƙon ku ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. Fararen ƙwallayen nan masu ƙarfin wari da ake jefawa cikin akwati don korar asu da kyankyaso, yawancinsu da naftalin ake yin su. Warin nan guba ne, yana shiga yadi, daga nan ya shiga jikin jariri ta numfashi da ta fata. Akwai jarirai da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini, wanda likitoci ke kira G6PD, kuma ba a gane su da ido. Irin wannan jariri in ya shaƙi naftalin, jajayen ƙwayoyin jininsa sukan farfashe, shawara mai tsanani ta kama shi, ido da jiki su yi rawaya, wani lokaci har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ga kuma yaro mai rarrafe da zai iya tsintar ƙwallon ya haɗiye. Kada a sa kafur a kayan yara. In an ba ki kwancen da yake warinsa, ki wanke sau da yawa, ki shanya kwanaki har warin ya tafi sarai. In ya ƙi tafiya, ki haƙura da kayan.

Me zai kori ƙwari ke nan? Tsabta da murfi mai kyau. Asu ya fi son ulu, musamman mai gumi ko ragowar abinci a jiki. Akwatin ƙarfe ko na roba mai rufuwa sosai ya fi kwali, domin kwali yana shan danshi, gara da ɓera kuma ba sa jin wuyarsa. A ɗora akwatin a kan wani abu, kada ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango mai raɓa. Sau biyu a shekara a buɗe, a baza kayan su sha iska da rana, a mayar.

Mu rubuta

Yanzu ga inda karatunmu zai yi mana rana. Kada a cakuɗa kayan wuri ɗaya. A ɗaure na kowane zango daban, a rubuta takarda a liƙa. Ku duba bayan wuyan rigar, sau da yawa akwai lamba. In kun ga 0-3, 3-6 ko 6-9, watanni ake nufi. In kun ga 56, 62, 68 ko 74, tsawon yaron ne a santimita. Amma abin da idonki ya gani ya fi lambar gaskiya: in ɗanki ya sa rigar yana wata 4, rubuta wata 4.

Ga misali, ku kwafa a littafinku:

Wata 3 zuwa 6. Riga 5, wando 4, hula 2. Na zafi.

Kalmar ƙarshen nan tana da muhimmanci. In an haifi wa a lokacin sanyi, ƙani kuma a lokacin zafi, rigar sanyin da ta yi wa babban daidai za ta riski ƙaramin a lokacin da ba ya buƙatar ta. Da takarda a jiki, tun kafin a kwance ɗauri an san abin da ke akwai da abin da za a nema.

Abu ɗaya ya rage, kuma ba na wanki ba ne. Jariri bai san sabo da kwance ba, amma ɗan shekara huɗu ko biyar ya sani. Yana ji idan aka ce masa, "Ungo, tsohuwar rigar yayanka ce." Gwada cewa, "Zo ka gani, ka yi girma, rigar Yaya ta yi maka." A canza maɓallai, a ɗinka ɗan aljihu mai launi, a bar shi ya zaɓi wadda yake so a cikin biyu. In da hali, lokaci-lokaci a saya masa abu ɗaya wanda shi ne ya fara sa shi. Babban ma a nemi yardarsa in rigar da yake ƙauna ce, ya miƙa wa ƙaninsa da hannunsa.

Aikin gida

1. Me ya sa ake fara jiƙa tabon nono a ruwan sanyi?
2. Wane haɗari ke tattare da kafur a kayan jarirai? Ku amsa da jimla biyu.
3. Wata uwa ta fito da riga 14. Ta ware 3 na gyara, 2 na tsumma. Nawa ne masu kyau?

Daga nan kowa ya duba gidansa, ya ware kayan da suka yi wa yaro ɗaya kaɗan, ya ƙirga su, ya rubuta takardar shaidarsu da hannunsa. A zo da takardar a darasi mai zuwa, za mu karanta wa juna.