Yadda Za Ka Rage Nauyin Photoshop a Ƙaramar Kwamfuta

Idan kwamfutarka mai RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) giga 8 ce kuma Photoshop, manhajar gyaran hoto, na jan ƙafa, fara da Edit, sai Preferences, sai Performance.

A wurin Memory Usage, manhajar tana ɗaukar kashi 70 cikin 100 na RAM. Ƙara kashi 5 kawai a kowane gwaji, kuma kada ka wuce 85. In ka cinye duka, Windows ɗin kanta za ta rasa wurin aiki, komai ya tsaya cak.

History States na zuwa a kan 50. Kowane mataki da ta adana don komawa baya yana cin wuri, musamman in tacewa ta shafi dukan hoton. Mayar da shi 20. Cache Levels kuwa, wato yawan ƙananan kwafin hoto da manhajar ke ajiyewa don saurin nuna shi a allo, bar shi a 4 ga manyan hotuna. Ga ƙananan zane masu shimfiɗu (layers) da yawa, 2 ya fi.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne Scratch Disks, wanda shi ma yana cikin Preferences. Nan manhajar ke zuba aiki idan RAM ta cika. Zaɓi faifan SSD (nau'in faifan ajiya mai sauri) mai sarari sosai, kada ka ɗora shi a kan filasha. A ƙasan tagar hoto, kunna ma'aunin Efficiency: in ya sauka ƙasa da kashi 100, faifan ake amfani da shi, shi ya sa kake jin jinkiri.

Allo na walƙiya ko baƙi? Sabunta direban katin hoto (manhajar da ke tafiyar da graphics card), in bai gyaru ba cire alamar Use Graphics Processor da ke cikin Performance. Sannan rufe manhajar ka sake buɗewa, domin yawancin sauye-sauyen nan sai an sake kunnawa suke aiki.