Yadda ake shirya yarinya ta zama gwanar rawar bale ba tare da an nakasa mata ƙafa ba

Tun da bidiyon yaron nan na Legas, Anthony Madu, ya zaga duniya a 2020, yana juyi ba takalmi a kan siminti ana tsuga ruwan sama, wayata ba ta huta ba. Shekararsa 11 a lokacin, daga baya kuma ya samu gurbi a makarantar bale ta Elmhurst da ke Birmingham a Ingila. Iyaye daga Malali, Barnawa, Unguwar Rimi har Sabon Tasha, a nan Kaduna inda nake koyar da bale, kowa tambayarsa ɗaya: "Wata nawa 'yata za ta ɗauka kafin ta tsaya a kan yatsu?" Da na ji an ce wata, na san da sauran aiki a gabanmu. Lissafin shekaru ake yi.

Ba da mai kawo 'yarta ta motsa jiki ranar Asabar nake ba, wannan ta ci gaba da abinta. Da iyayen da ke ganin 'yarsu za ta iya kaiwa makarantar ƙwararru nake.

Na farko: a gama magana a gida

Ba na karɓar yarinya sai mahaifinta ya tako ya ga ɗakin da idonsa. Na sha ganin uwa tana kawo 'yarta a ɓoye shekara biyu, rana ɗaya wata gwaggo ta ga hoto a WhatsApp, shi ke nan an rufe babin, yarinya ta yi ta kuka. A ajin 'yan mata zalla, ƙofa a rufe, dogon wando mai kama jiki da riga mai dogon hannu sun wadatar, muddin malama na ganin gwiwa da ƙugu, don abin da ba ta gani ba ba za ta gyara ba. Amma ku sani tun yanzu: a makarantun ƙwararru ana haɗa maza da mata, namiji yana riƙe ƙugun mace yana ɗaga ta, kayan fage kuma kun san su. In gidanku ba zai lamunci wannan ba, a faɗa wa yarinya iyakar inda za ta tsaya tun tana shekara 8, kada a bari sai ta kai 15.

Na biyu: lissafin lokaci

Abin da ake yi daga shekara 4 zuwa 7 wasa ne da bin kiɗa, kada wani ya caje ku kuɗin ƙwararru a kansa. Horo na gaske daga 8 yake farawa. Makarantar Vaganova ta birnin Sant Fitasbag a Rasha tana ɗaukar yara ne wajen shekara 10, ta riƙe su shekara takwas. Makarantar Royal Ballet ta Landan daga 11 take ɗaukar 'yan kwana. Za a ce muku ai Misty Copeland, shahararriyar 'yar bale ta Amurka, sai da ta kai 13 ta fara. Haka ne, shi ya sa ma ake ba da labarinta.

Nawa tsarin: shekara 8 zuwa 9, aji biyu a mako. Daga 10, uku ko huɗu, kowane awa ɗaya da rabi. Daga 13, kwana biyar ko shida. To ku ɗora wannan kan boko da ake tashi ƙarfe biyu ko uku, da Islamiyya bayan la'asar, da mai lesin, 'yan coci kuma ga koyon waƙa. Alhamis da Juma'a da yawancin Islamiyyu ke hutu, sai safiyar Asabar, su ne ginshiƙin jadawalina. Ku ƙidaya kuɗin Keke ko man mota a ciki, musamman in za a riƙa tsallaka gadar kogin Kaduna da yamma. Cunkoson gadar nan ya kori ɗalibai fiye da tsadar kuɗin aji.

Na uku: dubi ƙasa kafin ki dubi madubi

In kin shiga wurin koyo, kada madubai da fenti su ɗauke miki hankali. Buga dunduniya a ƙasa. In siminti ne ko tayil, ki kama hannun 'yarki ku fita. Tsalle ɗaruruwa ake yi a mako, siminti kuma ba ya shanye komai, duk abin da aka ba shi ƙauri da gwiwa yake mayar wa. Kada a ce min "ai yaron Legas ma a siminti ya yi". Bidiyon ɗan taƙaitaccen lokaci kuka gani.

Daɓen da ya dace ba sai an yi odarsa daga waje ba. Kafinta zai jera katakai a ƙasa a kan guntayen roba ko soso mai tauri, ya gitta wasu a kansu, ya shimfiɗa filawud mai kauri hawa biyu, a rufe da leda marar santsi. Ledar ɗaki mai sheƙin nan ba ta yi, zame mutum take. Sandar dafawa kuwa ku je kasuwar Panteka, mai walda zai haɗa muku da fayif a yini guda, ku dai tsaya a kansa ya goge bakin waldar. Lokacin hunturu sai an goge daɓen da jiƙaƙƙen tsumma kafin kowane aji, ƙurar nan kamar hoda take a ƙarƙashin takalmi.

Na huɗu: buɗin ƙafa daga ƙugu yake

Sunayen motsi duk na Faransanci ne, tun da Sarki Luwi na 14 ya kafa makarantar rawa a Faris a 1661, yara kuma cikin wata guda suke haddace su, ba zan ɓata lokaci a kai ba. Abin da ke ɓaci shi ne juya ƙafa waje. Yarinya ta ga hoto tafin ƙafa biyu sun yi layi ɗaya, sai ta murɗe su da ƙarfi daga idon sawu alhali cinyarta na kallon gaba. Gwiwa ce ke biyan bashin. Gwajin mai sauƙi ne, ke ma za ki iya a gida: ta durƙusa kaɗan dunduniya na ƙasa, wato filiye. Gwiwa ta sauka daidai saitin yatsun tsakiya. In ta faɗo ciki, ko tafin ƙafa ya kife kan babban yatsa, a rage buɗin. Malamar da ke hawa kan cinyar yara tana dannawa wai don su buɗe, wannan ba malama ba ce. Na san za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗanyen ma yana tsagewa.

Na biyar: takalmin kan yatsu

Nan ne na taɓa faɗuwa, don haka ku yi haƙuri da ni in daɗe.

Akwai wata ɗalibata 'yar shekara 9, shekararta biyu a hannuna, jikinta kamar roba, kunnenta na kama kiɗa tun kafin in ƙirga. Ƙanwar mahaifiyarta ta dawo daga Landan ta yo mata tsarabar takalmin. Ga bikin ƙarshen shekara na makarantarsu ya matso. Uwar ta same ni bayan aji da kwalin a hannu.

"Malama, minti uku ne fa kacal za ta yi."

"Hajiya, ƙafarta ba ta kai ba."

"Haba Malama, ke da bakinki kika ce ta fi kowa. Kuma an riga an kashe kuɗi."

Na ji kunya. Yaranta uku ke ajina, ita ce kuma ba ta taɓa jinkirta biya ba. Na ce to, amma a gabana kawai za ta riƙa sawa, minti goma, hannu biyu a kan sanda. Abin da ban yi ba shi ne riƙe takalmin a wurina. Ashe tana komawa gida ta saka, ta yi ta zagaye falo a kan tayil ana yi mata tafi ana ɗauka a waya. Takalmin kuma ya yi mata yawa, an saye shi ne irin sayen da muka saba, "ta girma a ciki", aka cusa auduga a gaba.

Mako na biyar na lura tana sauke nauyi a gefen ƙafar dama. Na ce ta zauna ta cire. Ta ce, "Anti, ba komai fa." Da na zare safar, audugar ta manne da farcen babban yatsa, jini ya bushe a kai, farcen ya yi baƙi. Wannan bai tsorata ni ba kamar lokacin da na ɗora yatsana a bayan ƙafar, saitin yatsa na biyu, ta zabura ta riƙe min hannu. Na ce a kai ta asibiti a yi hoto. Aka fara kai ta wurin mai ɗori, ya ce targaɗe ne, ya ja ya ɗaure. Sai bayan kwana goma aka je asibiti, hoto ya nuna ƙashin ya tsage. Ta yi wata uku ba rawa. Da ta warke ba ta dawo ba, ni kuma ban ga laifin kowa ba sai nawa.

Ga dalilin. Ƙashi 26 ne a ƙafar mutum, na yaro kuma bakinsu guringuntsi ne, a nan suke tsawo, ba sa gama ƙwari sai an shiga shekarun balaga sosai. Takalmin nan ba katako ba ne a ciki kamar yadda ake zato: yadi ne da takarda da gam aka jera hawa-hawa suka yi tauri. Ba ya ɗaga mutum. Tsokar tafin ƙafa, idon sawu, cinya da ciki su ke ɗagawa, takalmi tallafi kawai yake yi. In tsokar ba ta kai ba, duk nauyin jiki kan waɗancan ƙasusuwan yake sauka. Shawarar IADMS, ƙungiyar likitoci da malaman rawa ta duniya, ita ce kada a fara kafin shekara 12, a shekara ta huɗu ta horo, kuma ga mai zuwa aji aƙalla sau biyu a mako. Mai zuwa sau ɗaya ba ta da hurumin sa shi sam.

Ko ta cika 12 ba na yarda sai ta ci jarrabawata. Ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta ɗaga dunduniya ta sauke sau 20, gwiwa a miƙe, idon sawu bai karkace ba, a kowace ƙafa. Ta tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe rabin minti. Ta zauna ta miƙe ƙafa, in ɗora fensir a bayan ƙafar: in bai kwanta layi ɗaya da ƙauri ba, ba za ta hau kan takalmin daidai ba, komai ƙoƙarinta. Wadda ta faɗi, mu sake bayan wata uku. Uwa ta yi fushi in ta ga dama.

Sayen takalmin ma aiki ne. Ba a sayensa da lambar takalmin makaranta, domin bayan tsawo akwai faɗi, da zurfin gaban, da taurin ƙasan, kuma na kamfanin Bloch daban, na kamfanin Freed daban. Dole a gwada a ƙafa, a tsaye, malama na wurin. Ni ban taɓa samunsa a kasuwa a Kaduna ba, don haka in oda za a yi, a auna ƙafa biyun da yamma lokacin da suka ɗan kumbura, a sayo girma biyu ko uku, wanda bai yi ba a ajiye wa wata. Ya kama ƙafa cif, ba wurin girma. Na gwanjo haramun ne a ajina, ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wata kuma gam ɗinsa ya mutu. Guda ɗaya yana kai wajen dala 100 kafin kuɗin kawowa, ku buga da canjin yau. A damina laima na kashe shi da wuri, don haka a cire abin da aka sa a yatsu bayan aji a rataye shi ya sha iska, kada a ƙulle shi a leda. Wata shida na farko kuma a kabad ɗina yake kwana. Ba ya zuwa gida.

Na shida: ciki

Kada kowa ya ce wa yarinya mai tasowa ta rage cin abinci don bale, ko da wasa. Wake, ƙwai, nono, kifi, gyaɗa, ta ci ta ƙoshi. In ta fara al'ada sannan ta ɗauke wata uku, ba ƙwazo ba ne, a ga likita, domin ƙashi ne ke raunana. Da azumi ina soke tsalle da aikin kan yatsu ga masu yi, mu tsaya a sanda, ko a mayar da aji bayan shan ruwa. Shekarar da ta yi tsawo farat ɗaya za ki ga kamar ta manta komai, juyi ya ƙi, ƙafa ta ƙi hawa. Ƙashi ne ya riga tsoka, zai daidaita.

Na bakwai: fita daga Kaduna

Wajen shekara 13 ko 14 abin da za mu iya ba ta a nan ya ƙare, gara in faɗa da bakina. A nemi malama mai rajista da Royal Academy of Dance, wadda aka kafa a Landan a 1920, don ta yi jarrabawar da ake ganewa a waje. Hutun dogon zango a kai ta inda wani ido zai gan ta, Abuja ta jirgin Rigasa ko Legas. Makarantun waje da gasa irin Prix de Lausanne ta Suwizalan, ta 'yan shekara 15 zuwa 18, da bidiyo suke fara tacewa: waya a kan abin tsayarwa, duk jiki ya fito, bango fili, ba kwalliya, ba yanke-yanke. Tallafin karatu sau da yawa kuɗin makaranta yake ɗauka ya bar muku jirgi da biza da takalma, ku karanta takardar har ƙasa. Boko ba ya tsayawa, ta rubuta WAEC ɗinta, don masu wannan sana'a yawanci kafin shekara 40 sun sauka daga fage, mafi yawan masu farawa kuma ba sa hawa ma. Fasfo a yi shi tun tana 13, kada gayyata ta zo ana layi a ofishin shige da fice.