Yadda za ka gwada sabon abu a sana'arka ba ka taɓa uwar kuɗi ba

Hatsi nake saye da sayarwa a Maradi, wake da gero da gyaɗa, kuma abin da zan faɗa a magaza na koye shi.

Ka fara daga inda asara ke cin ka. Shekaru ina sayen wake da kaka, in barbaɗa magani in jibge, da bazara in kwance buhu in tarar rabi ya zama gari. Wannan ciwon ya kai ni ga buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka shiga yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, da hannun masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maradi. Leda biyu ce a ciki, buhun saƙa a waje. Ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu, babu magani ko cokali. Ba ni na ƙago shi ba, kuma ba sai ka ƙago ba. Abin da bai taɓa shiga shagonka ba, in ya rage maka asara, sabo ne a wurinka.

Sai dai kada ka juye hajarka duka a ciki. Buhu biyar na gwada, na jera wasu biyar na tsohon yayi kusa da su don in gani da idona. Kuɗin gwaji ka ware su gefe, su zama waɗanda ko sun nutse za ka yi barci.

Sayi kaye na musamman. Rubuta ranar da ka fara, abin da ka kashe har ladan ɗan dako, ranar da za ka yanke hukunci, da abin da za ka kira nasara. Wannan na ƙarshen tun kafin ka fara za ka rubuta shi, don in kuɗinka suka shiga abu, zuciya ba ta yarda ta ce an faɗi.

Cikin buhunan PICS biyar ɗin da na gwada biyu sun lalace. Ɗaya ɓera ya huda, ɗaya kuwa yaron shagona ya haɗa ledojin ya ɗaure wuri guda. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ya ce, "Alhaji, ai a ƙasa muka ajiye su jikin bango, da mun ɗora kan katako." Gaskiyarsa. Na ba shi tukuici. Yaron da ke kwance buhu kullum ya fi ka sanin inda yake yoyo, in ka tsawata masa yau, gobe ya gani ya yi shiru.

Gwajin da bai karɓu ba, kashe shi ranar da ka rubuta. Na taɓa ƙulla gero a leda, kilo-kilo, da takarda mai sunan shago. Ni abin ya burge ni. Mai saye kuwa so yake ya ga tiya ta yi tozo, a ƙara masa gyara da hannu. Wata uku na tattara.

Wani sabon ma ba a kaya yake ba, a hanyar ciniki yake. Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, hanyar Ɗan Isa da ke shiga Najeriya ta mutu, masu saye daga Agadas da nake tura wa hoton haja ta WhatsApp, su turo kuɗi ta Nita, su suka riƙe ni.

Maƙwabta za su kwaikwaye ka, kada ka ɓata rai. Layinmu yanzu kowa da buhun leda. Ni bana gyaɗa ɓararra na zuba a buhu uku, ranar kwancewa tana cikin kaye.